Amsa: Makarantar gwamnati a Amurka za ta karɓi ɗana?

'Yar uwa, kin ce ɗanki bai iya Turanci ba, kunnensa kuma ba ya ji sosai, kina tsoron makarantar unguwarku ta ƙi shi. Za ta karɓe shi, dole ne ma. Tun 1974 Kotun Ƙolin Amurka ta wajabta wa makarantun gwamnati taimaka wa yaron da ba ya jin Turanci.

Maganar kunnen ce ke son bibiya. Ki rubuta wa ofishin ilimi na gundumarku takarda, ba da baki ba, ki nemi a gwada shi. Idan ya cancanci taimako na musamman za su zauna da ke su tsara masa abin da suke kira IEP, wato rubutaccen tsarin karatu da ya dace da buƙatunsa, kyauta. A ciki ana iya sa kujera a gaba, da mai koyar da magana, da 'yar na'urar da malama ke ratayawa a wuya don muryarta ta shiga kunnensa kai tsaye. Ki nemi tafinta, haƙƙinki ne. Kada kunya ta sa ki sa hannu a abin da ba ki gane ba.

Sai dai gundumar talakawa takan yi ƙarancin ma'aikata, domin kaso mai yawa na kuɗin makarantu daga harajin gidaje yake fitowa. In sun yi jinkiri, ki koma da kwafin takardarki.