Amsa ga Malamar da Hutu Ya Daina Warkar Mata da Gajiya

Wa alaikumus salam, Malama. Tun daren jiya na ga tambayarki, sau biyu ina fara rubutu ina gogewa, don abin ya taɓa ni a inda ban so ba. Kin ce shekara bakwai kina koyarwa a makarantar kuɗi, yanzu ko barcin awa tara kika yi sai ki tashi kamar an kirɓa ki a turmi. Kina manta inda kika ajiye takardun jarrabawar yara, ranar Lahadi da yamma gabanki ya yi ta faɗuwa, a gida kuma wasu na cewa son jiki ne, wasu na cewa a nemo mai ruƙiyya. Kika tambaya ko ki ajiye aikin ko ki daure.

Ni ba likita ba ce. Akanta ce, na yi shekara tara a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a nan Kano, kuma na bi ta hanyar da kike kai yanzu. Abin da ya same ni zan ba ki labari, ki ɗauki wanda ya yi daidai da ke.

Nawa ya fashe ne a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi. Kin tuna yadda takardar naira ta ɓace, mutane suna kwana a layin banki. Kwastomominmu, waɗanda da can buhun kuɗi suke kawowa, duk suka koma tura kuɗi ta waya. Wani ya tura bai shigo ba, wani ya shigo sau biyu, wani ya yi amfani da asusun ƙaninsa ba sunansa a jiki. Ni ce mai daidaita wannan duka da rasit. Na yi kusan wata biyu ba na barin ofis sai bayan isha'i. Wata safiya na zauna gaban kwamfuta, na kalli shafin lissafin da ni na tsara shi da hannuna, wallahi na kasa gane ta ina ake farawa. Na shiga banɗaki na yi kuka, na wanke fuska na dawo na zauna. Haka na yi ta yi kullum har azumi ya kama.

Kafin nan sau uku ina shan maganin taifot daga kyamis. Mu dai a ƙasar nan duk gajiyar da ba a gane kanta ba, maleriya ce da taifot. Duk da haka, shawarata ta farko ita ce ki fara da jiki. Ki je asibiti sosai, a duba yawan jininki, a duba suga, a duba sinadarin maƙogwaro, wanda matsalarsa ke kawo maƙoƙo. Ƙarancin jini kaɗai yana iya sa mace ta ji duk abin da kika lissafa, musamman mai haihuwa kusa-kusa ko mai zubar da jini da yawa a al'ada. Ni an samu jinina ya ɗan yi ƙasa, na sha magani ya dawo daidai, amma gajiyar tana nan daram. A nan ne likitar ta ce za ta tura ni sashen ƙwaƙwalwa, ni kuwa na ji kamar ta zage ni. Kin san a Kano in aka ce "a kai shi Dawanau" ba addu'a ake wa mutum ba. Sai da na yi sati uku da takardar a jaka kafin na je.

Abu biyu na koyo a can, kuma raba su shi ne ya cece ni.

Na farko shi ne ita gajiyar. Tana da suna, Turawa na ce mata burnout, wato mutum ya ci wuta har ya cinye. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayaninta a kundinta na rarrabe cututtuka, ta ce ita ba cuta ba ce a karan kanta, yanayi ne da matsin aiki mai tsawo ke haifarwa idan ba a shawo kansa ba. Alamunta uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta fita daga aikin har mutum ya riƙa jin haushinsa, sannan ƙwazon da aka san shi da shi ya ragu. Abin da ya fi kwantar min da hankali shi ne asalin kalmar. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Herbert Freudenberger, shi ya yi rubutu a kanta a 1974, kuma a jikin masu aikin sa kai na wani asibitin kyauta a New York ya gan ta, har da shi kansa. Wato mutanen da suka fi kowa ba da kansu ga aiki. Don haka mai ce miki son jiki ne, ki tambaye shi ko ya taɓa ganin malalacin da ya yi shekara bakwai yana maka jan biro a littattafan yara har tsakar dare.

Inda nake da ja da wannan bayani shi ne sun taƙaita shi ga wurin aiki. Su a tunaninsu an tashi daga ofis an huta. Ke kin san ƙarfe biyu in kin bar makaranta wani aikin ne ke jiranki: girki, wanki, kai yara islamiyya, dubiya, barka, gaisuwar mutuwa, ga maigida zai dawo yana son fuska a sake. Mace a gidan Bahaushe ba ta da lokacin tashi daga aiki. In za ki auna nauyin da ke kanki, ki haɗa da wannan.

Na biyu kuma shi ne wanda ban taɓa zato ba. Likitan ya tambaye ni: wannan mantuwar da ɓatan kaya, da canjin kuɗi suka fara? Na yi dariya na ce ai ni tun ina yarinya ake ce min uwar shiririta. Sai ya gyara zama. Ya yi min tambayoyi kusan awa guda, ya ce in dawo da wanda ya san ƙuruciyata. Na taho da Hajiyarmu. Ta zauna ta zazzage masa komai: yadda ake aike na sayo maggi in dawo da ashana, yadda na ƙona tukwane ba adadi, yadda malamai ke cewa ina da ƙwaƙwalwa amma ba na natsuwa, yadda nake kwana in haddace abin da wasu suka yi wata suna karantawa in kuma ci jarrabawa. Ta rufe da cewa, "Ai likita gado ne, haka babanta yake, har yau neman makullin motarsa ake yi kullum." Bayan zama uku ya ce min ina da abin da ake kira ADHD, wato ƙwaƙwalwar da ke wahalar tsayar da hankali a inda aka so, da tsara aiki, da kiyaye lokaci. Ina da shekara 36 a lokacin. Hajiya ba ta yi kuskure ba, yana bin jini sosai. Kuma ba a girma ake kamuwa da shi ba, ɗaya daga sharuɗɗan tabbatar da shi shi ne alamun su bayyana kafin shekara 12, kuma a wuri fiye da ɗaya, gida da makaranta misali. Ƙiyasin da likitoci ke amfani da shi shi ne kusan yara 5 cikin 100, manya kuma wajen rabin haka.

Mu mata ba a cika gane mu ba. Yaro namiji mai wannan hali yana hawa katanga, yana tsokana, kowa ya san shi da ƙiriniya. Yarinya kuwa sau da yawa zama take shiru, jikinta na aji hankalinta na Kurmi. Ba ta damun kowa, sai dai a ce sakarya ce, a ce wa zai aure ki a haka. Sai ta koyi ɓoyewa. Ni haka na yi shekara tara a ofis: duk lissafin da abokan aikina ke dubawa sau ɗaya, ni sau huɗu nake bi don na san ina tsallake layi. Ina zuwa kafin kowa don kada a ga na makara, ina tafiya da fayil gida a ɓoye. Ana yabona da ƙwazo, ba wanda ya san ninki biyu nake biya. Canjin kuɗi bai kawo min matsalar ba, ya dai zo ya tarar da ni ba sauran ajiya. Shi ya sa hutun sati biyu da na fara ɗauka bai yi min komai ba, na koma na tarar da tsarin da ya cinye ni yana jirana.

Akwai kalmar da za ki ci karo da ita in kina bincike, wato neurodiversity, ma'anarta bambancin halittar ƙwaƙwalwa. Ana danganta yaɗuwarta da wata masaniyar zamantakewa 'yar Ostiraliya, Judy Singer, a ƙarshen shekarun 1990. Manufar ita ce masu ADHD, da masu abin da gidajen rediyo ke fassarawa da galahanga, da masu wahalar haɗa baƙi wajen karatu, ba lalatattun mutane ba ne, ƙirarsu ce daban. Na yarda da wannan, ya cire min kunyar shekaru. Amma masu cewa baiwa ce kawai, ban bi su ba. Baiwar da ta sa na biya tarar makara sau ba adadi, ta sa ƙawaye suka yi fushi don na manta ranar sunan 'ya'yansu? Tana da amfaninta, in abu ya kama hankalina ina iya yin aikin kwana uku a yini ɗaya, amma tana da tsada.

Ban ce ke ma shi gare ki ba, Malama. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki dai tambayi kanki: mantuwar nan sabuwa ce, ko tsohuwa ce da ta ƙaru? In sabuwa ce, ta fi kama da gajiyar aiki. Sannan ki lura da kanki a hutun ƙarshen zango mai zuwa. In kika ga bayan kwana goma kin fara dawowa, kina dariya a gidan biki, abinci na miki daɗi, to aikin ne. In kuwa ko'ina duhu ne, ba abin da ke faranta miki rai kusan kullum har sati biyu ko fiye, wannan ya fi kama da ciwon damuwa, kuma yana da magani. Idan har tunanin gara mutuwa ya taɓa zuwa miki, kada ki jira hutu, ki gaya wa wanda kika yarda da shi yau, ku tafi asibiti tare.

Ba ki faɗi garinku ba. Akwai sashen ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Ki shirya haƙuri da layi, don likitocin wannan fanni a duk Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200. In kin shiga ki faɗi komai, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki rubuta abin da za ki faɗa a takarda tun daga gida, ni na farko rabin abin da ya kai ni na manta.

Maganar ruƙiyya, ban hana ki ba, ni ma na yi, ina kuma azkar ɗina. Ba kishiyoyi ba ne da asibiti. Wanda ya ce miki rashin tawakkali ne, ki tuna masa abin da Annabi (SAW) ya gaya wa Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi da ya matsa wa kansa da azumi da tsayuwar dare, cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa. Ibada ke nan aka ce a sassauta, balle makin jarrabawa. Abin da nake roƙonki ki guje masa shi ne maganin barci ko na ƙarin kuzari daga kyamis. Mun ga abin da kodin ya yi wa matan aure a garin nan kafin gwamnati ta hana shi a 2018, kuma da yawansu da neman sauƙin damuwa suka fara. Ni an rubuta min methylphenidate, ya taimaka min, amma magani ne da ake tsaurara fitarsa, samunsa wahala, ga tsada, kuma likita ne kaɗai ke yanke wanda ya dace da shi.

Batun ajiye aiki: kada ki yanke hukunci kina cikin wannan hali, gajiyayyen mutum komai baƙi yake gani. Ki fara neman sauyi. Ni na je wurin oga ban ambaci sunan lalurar ba. Gaskiya ne akwai dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma hana nuna wariya. Amma doka ba ta kama bakin mutane, kuma ina da 'ya'ya mata da za su yi aure a garin nan. Na ce masa kawai likita ya ce in rage, na roƙi abu uku: a riƙa ba ni umarni a rubuce, a mayar da teburina ɗakin baya inda ba hayaniya, sannan in daina karɓar waya kafin azahar. Biyu ya ba ni, na uku ya ce ba zai yiwu ba. Na ƙara shekara ɗaya, sannan na bar aikin da ƙafata, da ajiyata a hannu, yanzu ina riƙe wa shaguna huɗu lissafi daga gida. Ke ma ki duba me za ki iya roƙa: a rage miki darasi ɗaya, ko a cire ki daga riƙon aji na zango guda.

A gida kuma dabaruna ba su da yawa. Na daina dogara da agogo, na rataya ayyukana a jikin salloli: wannan kafin azahar, wancan bayan la'asar. Littafi ɗaya tal nake rubuta komai, don in suka zama biyu duka ɓata za su yi. In aiki ya gagare ni farawa, sai in kira ƙanwata ta zo ta zauna kusa da ni tana tsintar shinkafarta, ba ta ce min komai, amma zamanta kawai na sa in yi. Kuɗin makaranta da na wuta na miƙa wa Abban yara, bayan an yanke mana wuta sau biyu kuɗin na cikin jakata. Tukunya kuwa ban ɗora ta sai na saita ƙararrawar waya, ko da ruwan shayi ne.

Ki fara da gwajin jinin nan a satin nan. In sakamako ya fito ki dawo ki gaya mana, ki kuma faɗi garin da kike, wataƙila a cikinmu akwai wadda za ta raka ki.