Tambaya da Amsa: Ƙwaron Gashi na Fatsa, Zaɓensa da Ɗaurinsa

Assalamu alaikum. Na daɗe ina fatsa da tana a dam ɗin Zobe. Sai na ga Turawa a YouTube suna kama kifi da ƙugiyar da aka yi wa ado da gashin tsuntsu, babu koto ko kaɗan. Shin kifinmu zai ci wannan? In zai ci, da wanne zan fara? — Mai karatu daga Dutsin-Ma

Wa alaikumus salam, Malam. Zai ci, amma ba kowane kifi ba, kuma ba kowace rana ba. Dabarar ma daɗaɗɗiya ce. Wajen shekara ta 200 miladiyya wani marubuci na zamanin Rumawa mai suna Aelian ya bayyana yadda mutanen Makidoniya suke naɗa jan ulu a ƙugiya, su ɗaura gashin zakara biyu, su kama kifi da ita. Abin da ake yi shi ne a kwaikwayi abincin da kifi ya saba gani, har ya kai bara kafin ya gane.

Saboda haka kafin ka ɗaura komai, je bakin ruwa ka duba. Ɗaga dutsen da ke cikin ruwa mara zurfi, ka girgiza tushen ciyawa a cikin farin kwano. Za ka ga jajayen tsutsotsi sirara da ba su wuce tsawon farce ba, da 'ya'yan mazari masu launin laka da manyan idanu, da talibambam, da ƙananan kifaye. Wannan shi ne cimar kifin wurin. A saman ruwa kuwa lokaci ne ke sauya abincin: shinge suna tashi da yamma bayan ruwan farko na damina su zuba a ruwa, fara kuma tana yawa da kaka.

Iri uku na ƙwaron gashi, wato wannan ƙugiya mai ado, sun ishe ka farawa. Na farko jar tsutsa a ƙaramar ƙugiya lamba 12 ko 14, don karfasa. Na biyu baƙin ƙwaro mai jela a lamba 6 ko 8, wanda ke nitsewa, don tarwaɗa da duk kifin da ke farautar 'yan'uwansa. Na uku fara mai yawo a saman ruwa, lamba 8 ko 10. Ka lura, lambar ƙugiya in ta ƙaru girmanta raguwa yake yi, wato 14 ta fi 8 ƙanƙanta. Sai an wuce lamba 1 an shiga 1/0 da 2/0 sannan girma yake bin lamba.

Girma ya fi launi muhimmanci. Bakin karfasa ƙarami ne, kuma babbarta ta fi dogara ga gansakuka da ƙananan halittun ruwa, don haka babban ƙwaro sai dai ta shinshina ta wuce. Tarwaɗa ita kuma da gashin bakinta da jin ƙamshi take neman abinci, ƙwaron gashi kuwa ba shi da ƙamshi, motsinsa kaɗai zai jawo ta. A nan gaskiya koton tana ya fi shi a yawancin ranaku, kada ka jefar da gwangwanin tanarka. Game da launi, da damina in ruwa ya yi ja da laka, baƙi ya fi fitowa. Da rani in ruwa ya kwanta ya yi garau, koma ga ruwan ƙasa da kore mai duhu, ka rage girma. Da hunturu kuwa karfasa tana yin sanyin jiki ta koma ƙasa, sai rana ta ɗaga ta ɗumama ruwa ake samunta.

Ni tela ne. Zare da almakashi ba sa yi mini wuya, amma kayan ɗaurin da nake gani a bidiyo babu su a kasuwarmu. Ana iya yi da abin da ke hannu? Ina son bayani dalla-dalla. — Mai karatu daga Daura

Ana yi sarai, kuma hannunka ya riga ya saba da rabin aikin. Abin riƙe ƙugiya shi ne kawai dole. Nemi filaya mai kullewa a wajen masu kayan kanikanci, ka ɗaure ta a gefen tebur, ta kama ƙugiya ta wajen lanƙwasarta, jikin ƙugiyar ya miƙe a kwance. Zaren ɗinki na roba siriri ya fi na auduga, domin auduga tana shan ruwa ta ruɓe. Ja shi sau biyu a kan kakin zuma don ya riƙa kama abin da aka naɗa. Sauran kayan: ulu baƙi na saƙa, gashin wuyan zakara, lallausan gashin nan na ƙarƙashin cinyar kaza ko talotalo mai kama da auduga, siririyar wayar jan ƙarfe daga tsohon koyil na fanka, da man farce mara launi.

Bari mu ɗauki baƙin mai jela, wanda ake kira Woolly Bugger. Ana danganta shi ga Russell Blessing na jihar Pensilbaniya a Amurka, a 1967. Mun zaɓe shi ne don wanda ya iya shi ya iya mafi yawan abin da sauran ke buƙata.

Fara matse ƙayar ƙugiyar, wato ɗan haƙorin da ke bayan tsini, da filaya ta kwanta. Cire ta daga bakin kifi zai yi sauƙi, haka daga yatsanka in tsautsayi ya gitta. Sai ka naɗa waya mai ɗan kauri sau 10 zuwa 12 a rabin jikin ƙugiya na gaba don nauyi. A ƙasashen waje da dalma wasu suke yi, amma mu ba ma ba da shawararta a gidan da yara ke wasa. Gubar dalma ce ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, kuma jan ƙarfe yana yin aikin.

Yanzu kama zare a bayan idon ƙugiya, ka bar tazarar kamar milimita 2 babu komai. Wannan filin na ƙullin ƙarshe ne, kada ka taɓa shi. Naɗa zaren sahu-sahu, kowane naɗi manne da ɗan'uwansa, ka bi ta kan wayar har inda ƙugiya ta fara lanƙwasa. Wannan shimfiɗar ita ce tushen aikin duka.

A nan za ka ɗaura jela. Tsinko lallausan gashin nan gwargwadon abin da yatsu biyu za su kama, ka ɗan jiƙa shi don ya haɗu, ka auna tsawonsa daidai da jikin ƙugiya. Riƙe shi a saman ƙugiya da babban yatsa da manuni, ka shigar da zare tsakanin yatsun a sassauce, sannan ka ja shi ƙasa kai tsaye. In ka ja shi a kaikaice, zai tura jelar gefe. Naɗi huɗu masu ƙarfi sun isa. A wurin dai ka ɗaura bakin ulu da guntuwar siririyar waya mai tsawon santimita 10, ka bar su suna reto, ka mayar da zare gaba.

Naɗa ulu zuwa gaba ya zama jiki, ka ɗaure shi, ka yanke saura. Ɗauki gashin zakara ɗaya wanda tsawon silinsa bai wuce faɗin bakin ƙugiya sau ɗaya da rabi ba. Fige lallausan gindinsa, ka ɗaura gindin a gaba, ka naɗa shi zuwa baya sau 5 ko 6 da tazara daidai. Da ka kai jela, kama bakinsa da siririyar wayar nan, ka naɗo wayar zuwa gaba tana ratsa gashin, kana ɗan karkaɗa ta don kada ta danne sili. Wannan wayar ce ke hana haƙorin kifi warware gashin. Ɗaure ta a gaba, ka murɗa ta har ta karye, kada ka ɓata almakashinka. Yi ɗan ƙaramin kai da zare, ƙulli uku ko huɗu, ɗigon man farce da bakin allura. Kafin ya bushe zura gashi ta cikin idon ƙugiya don kada ya toshe.

Jar tsutsa ba ta kai wannan wahala ba. Jan zare sahu biyu tun daga ido har cikin lanƙwasa, siririyar waya a kai sau 6, man farce, shi ke nan. In kana son ta riƙa motsi, naɗa gashin zabuwa mai ɗigo-ɗigo sau ɗaya tak a bayan ido.

Na ɗaura guda biyar, amma duk jikinsu juyawa yake a kan ƙugiya, wasu kuma suna murɗe mini igiya. Ina matsalar take? — Mai karatu daga Jibiya

Juyawar jiki daga rashin shimfiɗar zare take. Ƙarfe santsi ne da shi, duk abin da aka ɗaura a kansa tsirara sai ya zame. Yawan naɗi ba ya gyara wannan, naɗi uku masu ƙarfi sun fi goma sakwa-sakwa. Ja zarenka sau ɗaya da gangan har ya tsinke, don hannunka ya san iyakarsa, sannan ka riƙa aiki dab da wannan iyakar.

Murɗe igiya kuwa alama ce ta rashin daidaito. Ko gashin zakaran ya yi tsawo da yawa, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi, sai ƙwaron ya riƙa juyawa a iska. Akwai kuma jela mai tsawo da ke naɗewa a lanƙwasar ƙugiya. In za ka rage ta, tsinke da farce, domin almakashi yana barin baki a miƙe wanda ba ya motsi da kyau a ruwa. Gwada kowane sabon ƙwaro a bokiti kafin ka kai shi dam.

Farar da na yi da soson silifas tana yawo a saman ruwa, kifi yana kawo mata bara, amma ba ya kamuwa. — Mai karatu daga Batagarawa

Soson ya cike bakin ƙugiyar. Duba tazarar da ke tsakanin tsini da jikin ƙugiya, dole ta kasance a buɗe. Yanka soson siriri, kaurinsa milimita 2 zuwa 3, faɗinsa kada ya wuce faɗin bakin ƙugiya, kuma a samanta kaɗai za ka ɗaura shi. Ɗaure shi wuri uku don ya fito gaɓa-gaɓa irin na cikin fara, kana fara kowane ɗauri a sassauce don zare kada ya yanke soson. Ƙafafu biyu a kowane gefe daga siririn kyauro sun wadatar. Launin cikin ya fi na bayan amfani, tunda daga ƙasa kifi yake kallo, don haka sa ulu rawaya ko ruwan ƙasa a ƙarƙashi.

Sannan ka gwada tsinin a kan farcenka. In ya zame bai kama ba, wasa shi. Wata sa'a kuma laifin hannu ne: da ganin fantsamar ruwa sai a fizge. Dakata kifin ya juya da ita ƙasa, sannan ka ɗaga sanda a hankali. In har yanzu yana kuskure, ƙananan karfasa ne, sauka zuwa lamba 12.

Ba ni da irin sandar nan ta Turawa. Yaya zan jefa abin da ba shi da nauyi? — Mai karatu daga Mai'aduwa

A tasu sandar igiyar ce mai nauyi, ita ke ɗaukar ƙwaron ta kai shi nesa. Amma ba dole ba ce. Mutanen Japan suna da tsohuwar hanya da suke kira tenkara, doguwar sanda kawai da igiya ɗaure a bakinta. Nemi gora siririya mai lanƙwasa, mita 3 zuwa 4, ka ɗaura mata igiyar fatsa mai ɗan kauri daidai tsawonta, ka ƙara mita 1 na siririya a ƙarshe inda ƙwaron zai zauna. Ka tsaya iska tana bayanka, ka aje ƙwaron a gefen ciyawa. Mai nitsewa ka ƙirga biyar zuwa goma ya sauka, sannan ka riƙa jansa kaɗan-kaɗan kana tsayawa, domin yawanci a tsayawar kifi yake ɗauka.

In sandarka mai naɗin igiya ce, ɗaura ƙaramin abu mai yawo a ruwa wanda ke da ɗan nauyi, ka bar mita 1 tsakaninsa da ƙwaron, shi zai ja igiyar. Sa tabarau duk lokacin da kake jifa saboda idonka. Ka yi fatsarka daga gaɓa, don shiga ruwan da ba ya gudu yana jawo tsargiya. Kuma in baƙon wuri ne, a dam ɗin Sabke ko na Daberam, fara gaida sarkin ruwa da masuntan wurin, ka tambayi inda suka kafa taru kafin ka jefa ƙugiya.