Kafin ki ɗaure kwalin farko

'Yata, saƙonki ya iso, na kuma yi murna ƙwarai da jin maigidanki ya karɓi mabuɗin gidan. Allah Ya sa ku shiga a sa'a. Kin tambaye ni ko gaskiya ne akwai ranar da ba a tashi daga gida a cikinta, da abin da ya kamata a fara shiga da shi sabon wuri, kin kuma ce kin rasa ta inda za ki fara haɗa kaya.

Maganar rana gajeriya ce. Kusan ko'ina a duniya mutane na da ranar da suke tsoro da abin da suke cewa shi ke kawo arziki in an fara shiga da shi, kuma duk camfi ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kore shu'umci, har ya ambaci watan Safar da sunansa. Abin da ya zo shi ne ya roƙa wa al'ummarsa albarka a sammakonta. Ku duba ranar da maigidan ba ya aiki, motar kaya ta samu, ku yi sammako. Kayan da aka sauke da rana tsaka ana ganin abin da ya fashe da abin da ya ɓace, na dare kuwa sai gari ya waye a fara salati.

Abin da ba ki tambaya ba shi ya fi damuna, wato mutanen da za ki bari. Shekara shida kina zaune da su. Kafin ki ɗaure kwali ko ɗaya, ki zauna ki tuna kayan wa ke hannunki, wa ke binki, wa kike bi. Lokacin hijira, a shekarar 622, Annabi ya fita daga Makka ana neman ransa, amma ya bar Sayyidina Ali a baya ya mayar wa mutane ajiyar da suka ba shi, alhali masu ajiyar nan ba su ma yi imani da shi ba. Sai da Ali ya kwana uku yana wannan aiki sannan ya bi bayansa. In mai gudun kisa bai tafi da kayan mutane ba, ina dalilin mai tashi cikin lumana?

Ni na taɓa yin wannan sakaci. A tashinmu na biyu, sai da muka yi wata biyu a sabon gida na ga wata babbar tukunya cikin kayana, ta maƙwabciyata ce da na ara. Na ce gobe, na ce jibi, har labarin rasuwarta ya riske ni. Tukunyar da zan miƙa ta kan katanga ta koma kayan gado, sai da na nemi 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya. Har yau in na tuna ƙirjina yana nauyi. Saboda haka ki shiga gida gida da ƙafarki, kada ki aika yaro, kada ki wadatu da saƙon waya. Ki yi sallama, ki nemi yafiya, musamman wurin wadda kuka taɓa saɓawa kan yara ko ruwan kwata. Ita za ki fara da ita.

In gidan haya ne, ku bar shi yadda za ku so ku tarar da naku. A share, a gyara abin da yara suka ɓata, a biya kuɗin wuta da na ruwa, a ɗauki hoton mita ranar fita, a miƙa mabuɗai hannu da hannu a gaban shaida.

Yanzu kaya. Ba a fafe gora ranar tafiya, ki ba kanki kamar mako huɗu. Makon farko ba na ɗauri ba ne, na tankaɗe da rairaya ne. Duk abin da kika shekara biyu ba ki taɓa ba, kayan da yara suka girme, kujerar da ake ta cewa za a kai gyara, ki bayar ko ki sayar. Kada ki biya mota ta kai miki tarkace inda za su sake tare wuri. Daga nan ki fara da abin da ba a buƙata kullum, ki bar kicin da makewayi su zama na ƙarshe.

Abu mai nauyi, irin littattafai, ƙaramin kwali ake sa shi, babban kwali na filo da bargo ne, in ba haka ba gindinsa zai ɓalle a hannun masu ɗauka. Farantan tangaran a naɗe kowanne da tsumma ko tawul, a jera su a tsaye ta gefe, sun fi jure girgizar hanya a haka. Kowane kwali ki rubuta ɗakin da za shi da abin da ke ciki, a gefe, domin in an ɗora wani a kai ba a ganin rubutun sama. In an kwance gado, notinsa a ƙulle a leda a ɗaure a jikin gadon. Firji a kashe shi kwana ɗaya kafin tashi ƙanƙarar ta narke, a ɗauke shi a tsaye, in an sauke a bar shi wasu awoyi kafin a kunna don man injinsa ya koma mazauninsa. Tukunyar gas a rufe ta da kyau, a cire tiyo, ita ma a tsaye, nesa da zafi.

Jaka biyu kuma ba sa hawa motar kaya. Ɗaya ta takardu ce: na gida, na makaranta, na haihuwa, katin asibiti, da gwal ɗinki da kuɗi. Wannan tana kafaɗarki har ki shiga. Ɗayar ta daren farko ce: magani, kayan sawa na kwana biyu, sabulu, buta, darduma, tocila, cajar waya, zanin gado da kofuna. Ranar tashi ki kai ƙananan yaran wurin 'yar'uwarki, gida a buɗe da manyan kaya na shige da fice ba wurinsu ba ne. Amma tun yanzu ki gaya musu za a tashi, ki kai su su ga ɗakinsu, ki bar kowa ya riƙe abin wasansa guda. Yaro ma yana kewar gida, bai dai san yadda zai faɗa ba.

Sabon gidan, gani ya kori ji. Ku je tun babu kaya a ciki, ku buɗe kowane famfo, ku gwada kowace fitila, ku ɗaga kai ku duba silin ko akwai tabon yoyo. Wanki da feshin maganin ƙwari da fenti duk sun fi sauƙi a ɗaki fayau, sai a bar tagogi a buɗe warin ya fita kafin yara su kwana. A canja makullan ƙofar waje, ba ku san hannu nawa tsofaffin mabuɗan suka ratsa ba.

Abin da za ki fara shiga da shi kuwa, bismillah ce. Muslim ya ruwaito daga Khaula bint Hakim cewa wanda ya sauka a wani masauki ya ce "A'uzu bi kalimatillahit tammati min sharri ma khalaƙ", babu abin da zai cuce shi har ya bar wurin. Ya kuma ruwaito cewa Shaiɗan yana gudun gidan da ake karanta Suratul Baƙara a cikinsa. Aya 286 ce, ke da maigidan za ku iya karanta ta da bakinku, ba sai an tara jama'a ba.

Cikin kwana ukun farko, ko kwalaye na nan jibge, ki saka mayafinki ki gaida maƙwabta na dama da na hagu da na gaba. Kada ki jira su fara zuwa, wataƙila su ma kunya ce ta riƙe su. Ki tambaye su ranar da ake kwashe shara da asibitin da ya fi kusa, daga nan hira za ta buɗe.

Ki sanar da ni ranar da kuka tsayar, zan turo ƙannenki biyu su kwana su taya ki ɗauri. Ki gaida maigidan da yaran.

Gwaggonki.