Yaji, Biko da Igiyar Aure: Amsoshin Wannan Mako

Wata baiwar Allah daga Damagaram ta rubuto ta ce kakarta kan ce mata, "Mu a zamaninmu yaji ake yi, ba saki ba." Tana son sanin bambancin, da kuma dalilin da ya sa ba ta cika jin kalmar biko a bakin sa'o'inta ba.

'Yar'uwa, kakarki ta faɗi magana mai nauyi. Yaji shi ne mace ta yi fushi ta bar ɗakinta ta tafi gidan iyayenta ko na wani babba a dangi, alhali aurenta na nan daram. Rubutunsa ɗaya da yajin da ake barbaɗa wa tsire, kuma ni ina ganin zafin ne ya haɗa su. Daga nan ma'aikata suka aro "yajin aiki": ba su bar aikin ba, sun dai janye jiki ne har a saurare su. Biko kuwa shi ne bin sawun mai yaji don a lallashe ta ta dawo.

Na ga wannan da idona ina yaro. Matar baffana ta ƙulle zannuwa biyu a ɗankwali, ta goya jaririnta, ta fita bayan azahar. Ba ta taɓa jerenta ba, ko tasa ɗaya ba ta ɗauka ba, kowa a gidan ya gane saƙon. Kwana uku aka bar ta ta huce. A na huɗu kakanmu ya aiki ƙanensa da goro a ƙunshe cikin ganye, aka zauna a zauren mahaifinta, aka kira baffan aka wanke shi tas a gaban surukinsa. Da magariba ta dawo, har da sabon turmin atamfa.

Ki lura da yawan mutanen da ke cikin labarin nan: kaka, ƙanen kaka, suruki, ga zaure. Biko aikin gandu ne, inda uba da 'ya'yansa da matansu ke gida ɗaya, gona ɗaya, rumbu ɗaya. Yau saurayi ya kama ɗaki ciki da falo na haya a Kano ko Maraɗi, mahaifinsa na ƙauye, kuɗinsa daga aljihunsa yake fitowa, ba daga rumbun uba ba. Wanda bai ci daga hannunka ba, da wuya ka tsawata masa ya ji. In rigima ta tashi da dare babu tsohuwar da za ta leƙo ta ce "kai, ku ji tsoron Allah". Kafin gari ya waye saƙon saki ya shiga waya. Kalmar biko ba ta mutu ba, masu yin sa ne suka yi nisa da ma'auratan.

Wani malamin makaranta daga Kumasi ya tambayi me ake nufi da "saura igiya biyu".

Malam, Bahaushe ya ɗauki aure a matsayin abin da ake ƙullawa, shi ya sa ake cewa ɗaurin aure, kishiyarsa kuma saki, kamar yadda ake sakin akuya daga turke. Igiyoyin uku ne, daidai da saki ukun da shari'a ta ba miji, kamar yadda ya zo a aya ta 229 da ta 230 cikin Suratul Baƙara. Wanda ya yi saki ɗaya ya tsinka ɗaya, saura biyu, yana da damar kome kafin idda ta cika. In ukun suka ƙare, sai ta auri wani. A nan ne wasu ke shirya auren kisan wuta, wato a samo wanda zai aure ta ya sake ta don ta halatta ga na farko, abin da malamai suka yi tir da shi. Wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya: ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da matar daga gidanta lokacin idda, amma abin da aka fi ji a bakin mazanmu shi ne "tattara ki tafi gidanku". Wata ukun da aka tanada don zuciya ta sauko, sai a yi su kowa na cika yana batsewa a unguwarsu.

Tambaya ta uku gajeruwa ce: gwauro da tuzuru ɗaya ne? A'a. Tuzuru bai taɓa aure ba ga shekaru sun ja, gwauro ya taɓa amma yanzu babu mata. Gwauron ne Nalako, wato sarkin gwauraye, ke farauta a tashen azumi a Kano. Tuzurai kam sun ƙaru, tun da lefe ya tashi daga kwando ya koma jerin akwatuna, iyayen amarya kuma na cin bashi saboda kayan ɗaki da gara.

Sai wata daga Zariya da ta ce mijinta ya rasu, tana jin ciwo in an kira ta bazawara, ko kalmar zagi ce?

Allah Ya jiƙansa, Hajiya. Ba zagi ba ce. Ba- ɗin nan shi ne na Bakano da baduku, mai nuna wanda ke cikin wani rukuni, a nan kuwa zawarci. Hausa ba ta raba wadda aka saka da wadda ta yi takaba ta wata huɗu da kwana goma ba. Da zarar kowacce ta fita, sunanta bazawara, wato wadda za a iya nema. Raini daga bakin mutane ya shigo. Ko gwamnati ta ji nauyin kalmar, a ganina: da Hukumar Hisba ta Kano ta fara aurar da mata 100 a 2012, auren zawarawa ake ce masa, amma na 2023 da aka ɗaura wa mata 1,800, 'yanmata da zawarawa, auren gata aka fi kiran sa.

Mai tambaya a kan "aure yaƙin mata" ya yi haƙuri sai mako mai zuwa, don ina so in fara jin ta bakin matan.