Kwana biyu da aikin hanji aka ce mu ba shi koko, ɗinkin ba zai ɓalle ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Zazzaɓin taifot ne ya huda wa ƙanena hanji, aka yi masa aikin gaggawa cikin dare a wani asibiti nan Zariya. Kwana biyu da aikin suka cire robar hancinsa, suka ce mu fara ba shi ruwa da koko. Hajiyarmu ta hana, ta ce lokacin da aka yi wa mahaifinmu aiki sai da ya kwana biyar ko ruwa bai kurɓa ba. Tsoronta kada ɗinkin ya ɓalle. Wanne za mu bi? Daga wata 'yar'uwa, Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ku kuma sannunku da jinya. Ku bi maganar likitocinsa. Amma a gaishe da Hajiya, a gaya mata gaskiyarta ce, haka ake yi a da. Likita zai ɗora abin saurare a ciki, ya tambayi mara lafiya ko ya yi tusa, in bai yi ba a ce a ƙara haƙuri.

Abin ya fara canzawa ne a shekarun 1990, lokacin da wani likitan tiyata ɗan ƙasar Denmak, Henrik Kehlet, ya nuna cewa waɗanda aka ciyar da wuri, aka tashe su tsaye da wuri, sun fi saurin komawa gida. Daga nan tsarin gaggauta farfaɗowa bayan tiyata da ake kira ERAS ya samo asali. Da masu aikin da aka shirya masa aka fara, sai a 2021 da 2023 ƙungiyar likitoci masu kula da tsarin ta fitar da ƙa'idojin aikin ciki na gaggawa.

Ga abin da zai kwantar wa Hajiya da hankali. Ko mutum bai ci komai ba, hanjinsa ba a bushe yake ba. Yawu, ruwan tumbi, ruwan matsarmama da sauransu, jiki kan zuba lita da dama a cikinsa kullum, a mai lafiya har wajen lita 7, kuma wani kaso daga ciki ta kan ɗinkin nan yake bi. Ludayin koko ba shi zai ɓalle ɗinkin da ya jure wannan ba. Abin da ya fi hana ɗinki kamawa shi ne rama, ƙarancin jini da ƙwayoyin cuta. Mai taifot kuwa sau da yawa ya yi mako biyu yana zazzaɓi bai ci abin kirki ba kafin a kawo shi. Ƙarin ruwan da kike gani a rataye ruwa ne da gishiri da ɗan sukari, ba ya gina tsoka. Ƙaramin hanji kan farfaɗo cikin awa 24, tumbi awa 24 zuwa 48, babban hanji ne mai nawa, ya kan kai kwana 3 ko fiye. Mai jiran tusa, babban hanjin yake jira, alhali na sama sun riga sun shirya.

Sai dai aikin gaggawa ba a yi masa kuɗin goro. Wanda cikinsa ya cika da mugunya, ko jininsa ke sauka, ko robar hancinsa ke ta zubo koren ruwa, dole a jinkirta masa. Tunda sun cire wa ƙanenki robar, alama ce sun gamsu. Kada ku dubi na gadon kusa, kowa da abin da aka tarar a cikinsa.

A tashe shi zaune kafin a ba shi komai, kada a ɗura masa a kwance, ya kan shaƙe ya faɗa huhu. A fara da ruwa cokali-cokali. In ya zauna, sai shayi mara kauri, koko mai ruwa-ruwa da aka tace, romon kaza ba yaji ba mai. Kaɗan-kaɗan, sau da yawa, in ya ce ya isa a bar shi. Daga baya dafaffen ƙwai, kifi, alale, faten dankali. Maganar cewa ƙwai ko madara na sa ciwo ya yi ruwa ba ta da tushe, su ne ma ke rufe shi. Abin da nake roƙo shi ne masu zuwa dubiya da kula su yi haƙuri: ban da tuwo a ɓoye, ban da lemun kwalba, ban da jiƙo da kunun kanwa.

Ya riƙa sauka daga gado yana takawa, ko zuwa bakin ƙofa ne, yana jan dogon numfashi. In zai yi tari ya danne wurin da filo. Wannan na motsa hanji, yana kare huhu, yana hana jini daskarewa a ƙafa. Allurar ciwo mai ƙarfi irin su Pentazocine na sa hanji kasala, kada ku matsa wa nas a ƙara.

Ku tsayar da abincin ku kira likita nan take in ya fara amai, musamman kore, ko ciki ya kumbura ya yi tauri, ko ciwon ya ƙaru, ko zazzaɓi ya dawo, ko wani ruwa mai wari ya ɓullo ta wurin ɗinkin. Ɗinkin hanji in zai yi yoyo ya fi yi wajen kwana 5 zuwa 7, shi ya sa ko an sallame ku, kuka ga haka ku koma asibiti, kada a tsaya kemis. Ɗaukar jarkar ruwa ko buhu kuma sai bayan aƙalla mako 6.