Marubucin da ya shafe shekara hamsin kan mutum ɗaya

TAMBAYA: Malam, na ji a aji an ce akwai wani Ba'amurke da ya yi kusan shekara hamsin yana rubuta tarihin mutum guda, har yau bai gama ba. Gaskiya ne, ko an dai ƙara gishiri? Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: 'Yata, ba a ƙara ko ƙwaya ba. Sunansa Robert Caro, an haife shi a New York a 1935. Ɗan jarida ne a jaridar Newsday kafin ya ajiye aiki ya kama rubuta tarihin Robert Moses, mutumin da bai taɓa cin zaɓe ba amma shi ya shimfiɗa manyan titunan birnin da gadojinsa. Shekara bakwai aikin ya ci, aljihu ya bushe, har matarsa Ina ta sayar da gidansu. Littafin, The Power Broker, ya fito a 1974, ya ci kyautar Pulitzer, babbar lambar yabo ta marubuta da 'yan jarida a Amurka, a 1975.

Wanda kika ji labarinsa kuwa tarihin tsohon shugaban Amurka Lyndon Johnson ne. Kundi huɗu sun fito, a 1982 da 1990 da 2002 da 2012, na ukun ya ƙara kawo masa Pulitzer. Na biyar ake ta jira.

Wasu na cewa jan ƙafa ne. Ni ban yarda ba. Da ya je karkarar Texas inda Johnson ya tashi, mutanen suka ƙi sakin jiki da baƙo. Sai ya kwashe iyali ya koma can, ya zauna shekara uku. Sannan ne tsofaffin mata suka fara magana. Suka kai shi bakin rijiya, suka miƙa masa igiyar guga ya ja da hannunsa, ya ji nauyin ruwan da ya tanƙware musu baya tun da ƙuruciya. A nan ya gane dalilin da ya sa ba su manta da Johnson ba: shi ya jawo musu wutar lantarki yana ƙaramin ɗan majalisa. Duk wadda ta taɓa jan guga da sassafe ba sai an yi mata dogon bayani ba. Amma fa Caro bai yi wa Johnson rufa-rufa ba, ya tono maguɗin zaɓen fidda gwani na 1948 da Johnson ya ci da ratar ƙuri'a 87, wanda ya share masa hanyar majalisar dattawa.

Af, kada na manta: da hannu yake fara rubutu a takarda, sannan ya buga da tsohuwar tafireta ƙirar Smith-Corona.