Tambaya da Amsa: Wane keken lantarki ne zai iya da hanyata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina son sayen keke mai aiki da lantarki don zuwa wajen aiki, kilomita 18 zuwa, 18 dawowa. Akwai dogon tudu a hanyar, da wani yanki mai rairayi. Mai sayarwa ya nace in ɗauki mai wat 1000, wai ba ya jin tudu. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Dakata tukuna. Kafin maganar tudu akwai maganar doka, domin a wurare da dama mai wat 1000 ya fita daga sahun kekuna, babur ne.

A ƙasashen Tarayyar Turai, ana ɗaukarsa keke ne idan injinsa bai wuce wat 250 ba, ba ya turawa sai kana taka feda, kuma yana janye taimako da zarar gudu ya kai kilomita 25 a awa. Birtaniya ma haka ne, ga sharaɗin mai tuƙi ya kai shekara 14. A Amurka iyakar wat 750 ce, jihohi da yawa kuma sun kasa kekunan gida uku: biyu suna tsayawa a wajen kilomita 32 a awa, ɗaya da totur ɗaya babu, na ukun yana kai 45. Inda keke ya haura iyaka, ana iya neman lamba, lasisi, inshora da hular kwano. Don haka ka tambayi hukumar kula da hanyoyi ta inda kake abu uku: wat nawa aka yarda, gudu nawa, kuma an halatta totur ko a'a. Sai ka gwada amsar da abin da aka rubuta a jikin injin, ba da bakin mai sayarwa ba. In ya ce zai cire maka takunkumin gudu, ka ƙi. Ranar da aka yi haɗari kai za a riƙe.

To, tudu. Abin da ke hawa da kai ƙarfin murɗa taya ne, wanda ake aunawa da Nm, da kuma inda aka dasa injin. Injin da ke cikin cibiyar taya ba ya cin moriyar giya. In tudu ya yi tsawo taya ta koma juyawa a hankali, wutar da yake sha sai ta riƙa zama zafi maimakon tafiya. Za ka ji ƙarfi ya ragu, wani lokacin ya yanke gaba ɗaya a tsakiyar hawa, in an ci gaba da matsa masa wayoyinsa su ƙone. Injin tsakiya, wanda ke wajen feda, ta sarƙa yake ja, ka sauko giya ya ci gaba da juyawa da sauri cikin sanyi. Shi ya sa mai wat 250 da Nm 70 zuwa 85 yake hawa lafiya lau. A hanyarka shi muka fi so. Illarsa dai yana cin sarƙa, musamman in kana canza giya kana danna feda da ƙarfi. Ka sassauta ƙafa lokacin canzawa, kuma kada ka labta mai a sarƙa, rairayi ne zai manne ya riƙa goge haƙoran giya.

Rairayi kuwa aikin taya ne. In mai zurfi ne, sai mai faɗin inci 4 da iska kaɗan, don ta bazu ta hau kansa maimakon ta nutse. In sama-sama ne, inci 2.4 ya isa, kuma ya fi sauƙin cin batir a kwalta.

Batir da lissafi ake zaɓarsa. Ka ninka lambar V da ta Ah da aka rubuta a jikin batir, abin da ya fito shi ne Wh, wato yawan wutar da yake ɗauka. Da tudu da rairayi, ka ƙaddara Wh 15 a kowace kilomita: kilomita 36 na zuwa da dawowa sau 15, Wh 540 ke nan. Ƙara kashi ɗaya cikin biyar saboda iska da tsufan batir, ka kai wajen 650. Mai 48V da 14Ah yana ba da 672, ya wadatar. Mai 36V da 10Ah 360 ne kawai, ba zai dawo da kai gida ba sai ka yi caji a wajen aiki.

Kada ka manta duk tudun da ka hau za ka gangaro shi da keke mai nauyin kilo 25 ko fiye. Ka nemi birki mai faifai da ke aiki da mai, faifan gaba milimita 180.

Tambaya: Ina yawan shiga ruwa da laka. Zan iya wanke keken da injin fesa ruwa?

Amsa: A'a, Malama. Yawancin waɗannan kekuna yayyafi da fantsama kawai suke jurewa. Ruwa mai ƙarfi yana kutsawa cikin inji da mahaɗar wayoyi, tsatsa ta biyo baya. Ki cire batir, ki goge da jiƙaƙƙen tsumma, ki bari ya bushe sarai kafin ki mayar. Kududdufin da zai kai cibiyar taya kuwa, ki sauka ki kewaye shi.